Labarin Bayazid a Cikin Keke

Selina ta tare keke a Rumde, hoton mijinta na cikin jaka. Shekara tara ke nan da aka kama Hosea, malamin tarihi, ranar da ’yan bindiga suka shiga Michika. Babu sansanin ’yan gudun hijira a Yola da ba ta kai hoton ba. Yau ma wani ofishi za ta a Jimeta, inda aka ce an liƙa sabbin sunayen waɗanda aka ceto.

Direban, wanda aka rubuta Muhsin a bayan kekensa, yana hira da fasinjan gaba kan rashin ruwan famfo.

"Ai haka Taimur ya yi wa Sarki Bayazid na Usmaniyya a Ankara," in ji shi. "Ya tare rafi tun kafin sojojin Bayazid su iso. Turkawa ne duka, salla ɗaya suke yi. Ƙishi ya gama yaƙin, takobi shara kawai ya yi."

Jakar ta zame daga cinyar Selina. Wannan maganar ta ƙarshe ba a littafi take ba. Hosea ne ya ƙirƙiro ta, ta ji ta a bakinsa ya fi sau ɗari.

"Tsaya! Don Allah tsaya!"

Ya taka birki a Dubeli. Fasinjan ya sauka yana gunaguni. Selina ta miƙa wa Muhsin hoton.

"Ɗana, a ina ka ji wannan labarin?"

Muhsin ya dubi hoton sau ɗaya, ya kawar da kai.

"A daji, Mama. Su goma sha biyu a ɗaki ɗaya. Kullum da rana mai hoton nan yakan ba da labari don kada masu kuka su karaya. Nakan matso kusa in saurara."

"Yana raye?"

"Zazzaɓi ya kama shi a damina ta biyu. Kwana huɗu yana kiran wata Selina."

Ta sauka ta durƙusa a bakin kwalta tana kuka har masu shaguna suka fito. Da ta samu numfashi, ta kama hannunsa ta riƙe gam. Ko ba komai, wani ya fito daga inda mijinta ya kasa fitowa.

"Allah ya tsare ka, ɗana. Kai yaya aka yi ka kuɓuta daga ɗakin?"

Ya zare hannunsa a hankali.

"Ni ban taɓa kwana a ciki ba, Mama. Makullin a wurina yake."