Ajin da Malaminsa Bai Taɓa Zuwa Ba

Karo na huɗu ke nan da zaren yake tsinkewa tun safe. Uwar 'Yan Biyu ta yi jifa da sukundireba, ta harari allo. Kamar kullum, an rubuta aikin ranar da alli: "Keke na uku yana tsallake ɗinki. Ku gano dalili." Malamin da ya rubuta kuwa, ba wanda zai ce ga kamanninsa.

Su tara ne a ajin koyon gyaran keken ɗinki. Mako shida aka ba su, kuma kamfanin ɗinka tufafi ya ce mutum uku kacal zai ɗauka, waɗanda za su iya kwance keke su mayar cikin awa guda. Ita ta fi kowa matsuwa, don tun da aka rufe shagon gugar da take aiki take zaman gida.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya: aka haɗa ta benci ɗaya da Kawu.

Kawu mutum ne mai kyan tsayi, gashin bakinsa a gyare kamar an auna da rula. Bai wuce hamsin da 'yan kai ba, amma don rashin ta-ido har da masu ce masa Baba. Kullum shi ke riga kowa zuwa, da littafin keken a hammata, wai idonsa ba ya ganin ƙananan rubutu.

"'Yata, me ya sa allurar nan take kallon wancan gefen?"

"Kai ka sa ta a juye, Kawu!"

"To in ta juye, me zai faru?"

"Ina na sani? Ni ce malamar?"

"Ɗan duba mana littafin, don Allah."

Ta fizge littafin ta karanta masa da ƙarfi, kamar mai zagi. Bai gane ba. Ta sake yi masa bayani da bakinta. Bai gane ba. Sai da ta kwance wurin ta nuna masa da yatsa, a nan ita ma ta ga inda zaren yake maƙalewa.

Duk keken da Kawu ya taɓa sai ya kwanta ciwo. Yau ya ɗaure bel tamau, gobe ya sa bobin ɗin zare a baibai, jibi ya sassauta haƙoran da ke jan yadi. Bai taɓa maimaita ɓarna iri ɗaya ba. Ita kuma dole ta gyara, tunda kekensu ɗaya.

A mako na uku ta kai kuka ofis cewa malaminsu ba ya zuwa. Sakatariya ta buɗe rajista ta ce malam bai taɓa fashi ba ko kwana ɗaya.

"Ai dama bakinku ɗaya," in ji Uwar 'Yan Biyu, ta buga ƙofa.

Daga ranar ta daina duban hanyar malam. Ta sayi ɗan littafi tana rubuta kowace cuta da maganinta. Ta fara gane ciwon keke daga ƙararsa. Sauran ɗaliban suka riƙa zagaye bencinta, ita kuma haushin duk a kan Kawu take saukewa.

"Wallahi kanka rariya ne, Kawu. Wa ya ce ka zo nan?"

Mutum mai wannan kwarjini, a gaban yara! Bawan Allah ya shanye, ya kawo wata tambayar.

Ranar gwaji Kawu bai zo ba. Mutumin kamfani ya ɗora agogo a tebur. Ta kwance keken ta mayar, ta taka, ɗinki ya fito sumul, da sauran minti goma sha biyu. Sunanta aka fara kira.

Ta ɗan ji tausayin Kawu, don a ganinta tsoro ne ya hana shi zuwa. Malamin ne dai ba za ta yafe wa ba. Ta rubuta takardar ƙara shafi biyu, ta nemi a kore shi, mutum takwas suka sa hannu.

Sakatariya ta duba takardar, ta danne dariya.

"Yana ciki. Ki ba shi da hannunki."

Ta tura ƙofar da ƙafa, zagi cike da bakinta. Daga bayan teburin malam, Kawu ya miƙo hannu ya karɓi takardar, ya karance ta tsaf ba ko tabarau.