Tsohuwar da ta Ɓace a Canal Street

Sakin hannunta kawai Tajuddeen ya yi don ya gyara igiyar takalmi. Ya ɗago, babu Hajiya Mariatu.

Mahaifiyarsa ce, kuma ciwon mantuwa ya ci ƙarfinta. Daga Kano ya ɗauko ta ya kawo ta wurinsa a ƙasar waje bayan rasuwar babansa, tsohon ma'aikacin masaƙar Bompai, don ba ta da kowa can sai dangin miji. Likita ya gaya masa abin da mutum ya koya daga baya shi ke fara zubewa. Haka kuwa aka yi. Hausar ma ta soma guje mata, sai wasu sambatu da ba mai gane kansu.

Ga sanyi, ga shi ba ta sha maganin suga ba. Wayarsa kuma, munafuka, ta zaɓi yau ta mutu.

Ya bi 'yan tebur ɗaya bayan ɗaya. Ya tarar da Mahamudu, ɗan Zangon Kumasi mai sayar da jakunkuna.

"Don Allah ɗan'uwa, ba ka ga wata tsohuwa Bahaushiya ba? Gajera, baƙar kwat, hular ulu."

"Wallahi ban gani ba, Alhaji. Da Bahaushiya ta gifta nan, ai da na gaishe ta."

Mahamudu ya baza magana. Kafin a jima 'yan Nijar da 'yan Senegal duk sun sa ido, kowa na neman Bahaushiya. Shiru. Tsoro ya kama Tajuddeen sosai, har ya fara hango ta a bakin layin jirgin ƙasa.

A kwanar da ta ɓace akwai wani ɗan gidan shayi na mutanen Hong Kong. Ya wuce shi ya dawo bai ko leƙa ba. Me Hajiya mai carbi za ta nema inda ake soya alade? Cajin waya ne ya tilasta masa shiga, don ya kira 'yan sanda.

Tebura a matse, ana tace shayi da doguwar jakar yadi, ƙamshin burodi da bota ya cika wurin. Bango duk hotunan mawaƙan da ne da tsofaffin kaset. Wata waƙar soyayya ta shekarun tamanin, da yarensu, na tashi a hankali, tsofaffi sun yi da'ira suna tafi.

A tsakiyarsu Hajiya ce, kofin shayi a hannu, tana bin waƙar baiti baiti, ba gargada.

"Hajiya," ya ce. "Ni ne Tajuddeen. Tashi mu je gida."

Ta dube shi da ladabi, yadda ake duban baƙo, ta juya ta yi wa matar da ke da shagon magana da yaren waƙar.

"Ta ce ba ta san ka ba," in ji matar da Turanci. "Ta ce nan ne gida, mamanta take jira. Kai wane ne nata?"

Tajuddeen ya dubi mahaifiyarsa. Ya wuni yana cigiyar Bahaushiya, don shi abin da ya sani ke nan. Ko sau ɗaya bai zo masa a rai ba ya ce a nemo 'yar Hong Kong ɗin da ta zo aikin masaƙa Kano tana budurwa, ta auri babansa, ba ta kuma koya wa ɗanta ko kalma ɗaya ta yarenta ba.