Kujerun 'Ya'yan Sambo

Tun da hukumar ilimi ta miƙa wa na'ura tsarin shekara hamsin, ba yaron da ke shiga aji sai wanda aka yi hasashen haihuwarsa. Karo na huɗu ke nan Tanimu tela yana sintirin nema wa 'yarsa Ladidi gurbi.

"Malam, ga kujeru uku can ba kowa!"

Hedimasta ya ce, "Na 'ya'yan Sambo direba ne."

"Sambon da muka binne ko aure bai yi ba?"

"Tsari ya ce uku zai haifa. Taka kuwa babu ita a ciki."

Tanimu ya buga tebur. "To cikin uwarta zan mayar da ita?"

Hedimasta bai yi dariya ba. Ya jawo durowa, ya fara laluben fom.