Katin Manomi

Tun da aka kafa dokar wasanni, duk jarumin da mutum ya ƙirƙira don wasan tebur sai ofis ya buga masa hatimi. Lantana ta miƙa katin da ta zana da hannunta.

"Manomi," ma'aikacin ya karanta da ƙyar. "Makaminsa fa, Hajiya?"

"Fartanya."

"Baiwarsa?"

"Yana binne ƙwaya a ƙasa, bayan wata uku ya ciyar da gida."

Ya saka katin a na'ura, ta turo shi waje.

"Ba ta san wannan sana'ar ba. Abinci daga ƙasa? Ai tsafi ne. Ki mai da shi boka, yanzu na buga miki."

"Ɗana, mahaifina na zana. Tun safe ya sa hula ya shimfiɗa tabarma. Yau zai shiga wasan da jikokinsa a matsayin kansa."

"Wallahi ba ni da iko, Hajiya. Ga layi na jira."

Lantana ta waiwayi layin. Ta karɓi biro, ta soke sana'ar ubanta, ta rubuta boka.

Ma'aikacin ya ɗaga hatimi, sai ya dakata.

"Fartanyar ma, Hajiya. Ki ce sandar tsafi."