Kofin Yumɓu

Akwai 'yar tsaga a bakin kofin yumɓun da mai shayi ya miƙo mini. A Kalkata, duk wanda ya shanye shayinsa sai ya buga kofin da ƙasa ya wuce, shi ya sa Gwaggo ta mai da shi alama.

"In yaron nan bai kwanta miki a rai ba, fasa kofin kamar kowa," ta ce da safe. "Ni kuma sai ciwon kaina ya tashi, mu koma gida. Na san bakin nan naki bai iya a'a ba."

Tun hantsi muke yawo a ƙafa, ni da saurayin da aka haɗa mu, Gwaggo na biye da lemarta. Mun ratsa layin masu tsofaffin littattafai, mun kutsa kasuwar furanni. Duk inda titi ya cushe, sai ya koma ɓangaren motoci ba tare da ya katse hira ba. In na yi shiru, shi ma sai ya yi, bai taɓa cewa "Lafiya?" ba.

"'Yar'uwa, shayi ne fa, ba jarrabawa ba!" in ji mai shayi.

Na shanye. Saurayin ya fasa nasa. Na goge nawa da bakin gyale, na tura jaka.

"Tara su kike yi?" ya tambaya yana dariya.

"Wannan ne na farko."

Ko da na waiwaya, lemar Gwaggo har ta kai kwana a hanyar gida, tana rangaji cikin jama'a.