Fararen Ɗigo a Motar Alhaji Dabo

Abubuwa da yawa sun sake a Tudun Wada kafin Kailani ya dawo daga Ikko. Kukar da suke wasa a gindinta an sare ta, tela ya kafa shago a wurin. Rufin kwano ya yawaita, samari sun koma hawan keke da musun jam'iyya. Innarsa ta rasu, sai a bakin wani fasinja ya ji. Ɗaliban da ke cika zauren mahaifinsa, Malam Modibbo, duk sun watse, ko da yake kullum za ka ga allon tsohon a jingine, jiƙe. Ƙanin Malam kuwa, Alhaji Dabo, ya yi arziki da sayen gyaɗa, har da baƙar mota.

Abu biyu ne ba su sake ba: zartsin rijiyar gidan da fushin Malam. Tun ranar da Kailani ya ajiye karatu ya bi mota, tsohon ya daina kiran sunansa. Yanzu ma in ya durƙusa gaisuwa, "Lafiya" kawai yake samu, ido na kan littafi.

Ba don Alhaji ba, da tuni ya juya. Shi ne ya karɓe mabuɗi daga hannun Nagoda, tsohon direbansa, ya ba Kailani, ya mayar da Nagoda awon gyaɗa.

"Ka ce Turawa ka tuƙa," in ji Alhaji. "To, in ga motata tana ƙyalli kamar tasu."

Kailani ya san baƙin fenti ba ya shiri da ruwan zartsi. In ya bushe a jiki, sai ya bar tabo fari fat kamar an barbaɗa kanwa. Don haka ba ya wanki cikin rana. Sai la'asar sakaliya, ƙarfe ya huce, ya shigar da ita rumfar ƙofar gida, ya wanke gefe-gefe, ya ɗauraye da ruwan saman da ya tara a duro, ya bi da tattausar fata ya tsane kafin ɗigo ɗaya ya bushe.

Alhaji mai sammako ne, ana idar da asuba ake tashi. Sai da rana ta fito a hanyar Kwangila abin ya bayyana: fararen ɗigo a hancin motar, a gilashin gaba, a ƙofar direba. Gefen da Alhaji ke zama kuwa tas. Kailani ya shafa da yatsa, ya ji ɗan danƙo. Da ƙyar ruwan lemun tsami ya fitar da su.

Kashegari ma haka. Wanshekare ma haka.

A rumfar awo 'yan dako suka fara tambaya ko motar Alhaji zabuwa ce. Alhaji bai yi dariya ba.

"Ɗan Ikko, in wankin ya fi ƙarfinka, ka faɗa mini. Mai mabuɗin yana nan da ransa."

Kailani ya ƙudura sai ya kama mai yin abin. Ya kwana a rumfar ƙofar gida yana gadin motar, bai ga kowa ba sai masu tafiya masallaci, sai Malam da ya fito da 'yar ƙwarya a hannu, ya gan shi, ya kau da kai ya wuce. Ranar motar ta wuni kamar madubi. Wato mai yin abin ɗan gida ne, ya san ana tsaro. Kuma ƙofar direba kaɗai yake nufa. Wa ke ƙyashin ƙofar direba in ba wanda aka raba da ita ba?

Ranar da barci ya ɗauke shi a ɗaki, ɗigon ya dawo.

Ya tarar da Nagoda a bakin rijiya yana alwala.

"Tsohon banza! Da ruwan nan kake yi mini asiri?"

"Kai yaro, ka iya bakinka. Ina tuƙi kana tsumman goyo. In ba ka iya wanki ba, zo in koya maka."

Kailani ya fizgi guga cike, ya juye masa a ka, ya shaƙe wuyan rigarsa har hularsa ta faɗa cikin taɓo. Gida ya cika da salati. Malam ya leƙo daga zaure, ya buɗe baki kamar zai yi magana, sai ya dubi ɗan nasa, ya dubi ƙasa, ya koma.

"A gidan malamai za ka daki mai furfura?" Alhaji ya miƙa hannu. "Ba ni mabuɗina."

Kailani ya jefa masa. Da yamma ya tattara komatsansa cikin baƙin akwatin ƙarfen da ya zo da shi, ya ajiye a zaure, inda ba mai kwana sai Malam. Jirgin ƙasan Ikko da hantsi yake tashi. Tudun Wada gari ne da ba mai sonsa: uwa ta tafi, uba ko kallo.

Da safe, Alhaji bai yi sammako ba, ya ga motar a rana, ba ɗigo ko ɗaya, Nagoda na zaune a ciki yana fito. Ai ga shaida nan. Ya yi tsaki, ya shiga zaure da igiya a hannu.

Malam na zaune, ya ba shi baya, yana jan carbi, bakin hannun rigarsa a jiƙe. Kailani bai gaishe shi ba. Ya sunkuya zai ɗaure akwatin, sai hannunsa ya tsaya.

Ga allon Malam an wanke shi da ruwan rijiya, ga 'yar ƙwaryar rubutun tsari da saura a gindinta, a kan murfin akwatin kuwa fararen ɗigon nan ne suka fara bushewa.