Iskar Mai Faci

Tunda ka ce abin da ya fita daga gidanka ba ruwanka da inda ya sauka, to zauna ka ji wannan.

Wani mai faci ne, irin masu bugun taya a bakin titi, magudanar banɗakinsa ta toshe. Ruwan wanka ya kwanta har ya yi kore, wari ya cika gida. Ya sayo soda irin ta masu haɗa sabulu, wadda ke cin fata in ta taɓa, ya jiƙa ya ɗura a bututun, ko gezau. To shi bututun nan, a ƙarƙashin katanga ya haɗe da na maƙwabcinsa, wani tela, kafin ya fita kwata. Da ya yi sallama a ƙofar telan sun tona mahaɗar tare, da magana ta ƙare. Amma suna gaba tun wata rigimar akuya, kuma mutumin naka gara ya kwana cikin wari da a ce shi ya fara gaisuwa. Sai ya ɗoro injin iskarsa a baro ya turo gida. Ya san halin iska sarai, da ita yake cin abinci: in aka matsa ta, wurin da ya fi rauni take nema ta fashe. Ya kuma san wurin da ya fi rauni a nan, ramin banɗakin tela ne. Ko magini in zai hau rufi yakan ɗaga murya don maƙwabta su kimtsa, shi kuwa ko gyaran murya bai yi ba. A ransa ya ce in ta ɓulle can, su ma su ɗanɗana.

Ya cusa tiyo, ya toshe gefensa da tsumma, ya danne da ƙafa, ya sake iska. Bututun ya yi ta gurnani a ƙarƙashin ƙasa har yana ji a tafin ƙafarsa. Can sai wata ƙara ta tashi a bayan katanga, ruwan da ke gabansa ya zurare. Bai gama murmushi ba ya ji ihu: "Wayyo Allah, idona! Idona!" Gabansa ya yanke ya faɗi, don ya san muryar tun yana goye. Ashe tun da banɗakinsu ya toshe, mahaifiyarsa takan lallaɓa gidan tela da butarta ta yi alwala, ba ta faɗa masa ba don kada ta tada rigima. Tana durƙushe a bakin ramin ne ruwan sodar ya feso mata a fuska.

Ya faɗa gidan da ya rantse ba zai taka ba, babu takalmi, babu sallama. Ya tarar matar tela ta rungume kan tsohuwa tana kwarara mata ruwan randa a ido, tsohuwa tana lalube da hannu tana kiran sunansa. Telan ne ya ɗauke ta a babur zuwa asibiti, shi yana bin su a guje. A bakin ɗakin likita ya tsugunna yana roƙon Allah ya bar mata ko da ido ɗaya.

Ɗayan aka bar mata. Ba ta taɓa yi masa faɗa a kai ba, ko sau ɗaya. Amma kullum da safe in ya durƙusa gaishe ta ta hannun hagu, sai ta juyo da kanta gaba ɗaya kafin ta gan shi.

Shi ya sa Hausawa suka ce, in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.